Ranar da Aka Buga Ƙararrawar Tagwala

A shekara ta huɗu ta sarautar Sarki Damiyanus, jikan Sarki Kilamanti wanda ya fara karɓar baftisma a hannun firistocin Katolika, Birnin Tagwala yana da abu biyu da fatake ke kai labarinsu har bakin teku: ƙararrawar cocinsa, da mawaƙansa arba'in. Ƙararrawar, Kilamanti ne ya sa aka jawo ta da shanu goma sha biyu tun daga tashar jiragen ruwa. Mawaƙan kuwa shi ya yanka musu fadamar da ta fi kowace albarka a bakin Kogin Lamba, ya ce su ci, su sha, kada wanda ya sa su wani aiki sai yabon Ubangiji. Ya naɗa wa shugabansu rawani, ya kira shi Sarkin Waƙa, ya ba shi wurin zama a majalisa.

Littattafan waƙa da firistocin farko suka zo da su, gara ta daɗe da cinye su. Saboda haka duk waƙoƙin ibada na shekara, tun daga na Kirsimeti har na jana'iza, a bakunan mutanen nan arba'in suke zaune. Shekara goma sha biyu ake yi kafin a ce mutum ya zama mawaƙi. Mai riƙe da rawanin a lokacin shi ne Filimon, dattijo mai shekara saba'in, siriri, ga saurin fushi. Duk arba'in ɗin shi ya koyar da su tun suna ƙanana, har suka yi gemu, suka yi iyali. Ya zage su, ya ja musu kunne, ya hana su shan ruwan sanyi, amma in ɗayansu ya yi tari, Filimon ba ya iya cin abinci. Baba suke ce masa.

Ranar Alhamis ta Mako Mai Tsarki, bayan ibadar safe, aka hau hasumiya aka ɗaure igiyar ƙararrawa kamar yadda ake yi kowace shekara. Daga wannan lokaci har safiyar Asabar ba ƙararrawa, ba ganga, ba kakaki a Tagwala, domin kwanakin makokin Almasihu ne. Katako biyu ake bugawa a kira mutane coci. Ba a ko gama ɗaurin ba sai ga manzo ya shigo ta Ƙofar Gabas, dokinsa na kumfa, ya faɗi gaban Sarki ya ce Sarkin Gandiri ya keto daji da runduna, gobe kafin rana ta karkata yana gindin ganuwa.

Labarin bai zo wa kowa da mamaki ba, don an daɗe ana jiran Gandirawa. Madawaki Tadiyus, shugaban mayaƙa, yana ƙetaren kogi ya tara mutum dubu shida daga ƙauyuka, an kuma shirya cewa gobe da tsakar rana Sarkin Ruwa zai ƙetaro da su cikin jiragensa. A cikin birni dogarai ne kawai da 'yan baka ɗari uku. Sai dai tun da safe ungulu uku suka sauka a kan hasumiya suka ƙi tashi, mata na wucewa suna cewa ungulu ba ta jewar banza.

Sarki ya sa aka kira majalisa. Shi dai Damiyanus saurayi ne, shekararsa ashirin da shida, yana da zuciya, amma in kana so ka kai shi rijiya ya leƙa, to, ka fara da yabonsa. Waziri Sabastiyan ya san wannan sarai. Shi ya fara miƙewa, ya gyara alkyabba, ya ce:

“Allah ya ja zamanin Zaki. Ganuwarmu lafiya lau take, Madawaki yana tafe, abin da ya rage shi ne zukatan talakawa. Sun ga tsuntsaye a kan hasumiya, gwiwarsu ta yi sanyi. Mutumin da gwiwarsa ta yi sanyi kuwa ko ka ba shi takobi biyu, gudu zai yi da su. Shawarata ita ce, gobe da hantsi a tara gari a coci, a kwance igiya, a buga ƙararrawa, mawaƙa su rera Waƙar Godiya, su sa sunan Zaki a cikinta. Jama'a su ji cewa nasara ta riga ta tabbata, Gandirawa kuma su jiyo daga nesa su san ba masu makoki suka zo wa ba.”

Fadawa suka ɗauka gaba ɗaya: “Gaskiya ne, Waziri! Allah ya ƙara wa Sarki nasara!” Da ya ce a yanka ƙararrawar a dafa, da haka za su ce.

Filimon ya ji kansa ya yi zafi har kunnuwa. Waƙar Godiya ita ce babbar waƙar cocin, ba a rera ta sai an ga alherin Allah da ido: an yi ruwa bayan fari, ko annoba ta wuce, ko an dawo daga yaƙi da nasara. Sau tara kacal ya taɓa rera ta a rayuwarsa. Bai jira an ba shi izini ba ya miƙe.

“Ranka ya daɗe, a gafarce ni, tsufa ya sa ba na iya haɗiye magana. Gobe Juma'a ce, ranar da aka giciye Ubangijinmu. Bagadi, teburin hadaya, tsirara yake, giciye a lulluɓe, tun daga Roma har nan ba inda ƙarfe zai yi ƙara. Mu kaɗai ne za mu yi guɗa a gidan mutuwa? Na biyu, godiya bayan kyauta take zuwa. Wanda ya gode kafin a ba shi, ba godiya ya yi ba, umarni ya bayar, Allah kuwa ba bafaden kowa ba ne. Na uku, sunan mutum ba ya shiga wannan waƙa. Kakanka da ya kawo ƙararrawar, a durƙushe yake jin waƙar, bai taɓa neman a ambace shi ba. In kirari ake so, ga maroƙa nan cike da ƙofar gida, su ma suna da iyali, a ba su aikinsu.”

Waziri ya yi murmushi, ya juya ga Sarki kamar mai jin kunyar abin da zai faɗa.

“Zaki ya ji da kunnensa. Shekara sittin gidan nan na ciyar da su. Fadama tasu, riguna nasu, ba a taɓa kiransu gayya ko gyaran ganuwa ba. Yau rana ɗaya an nemi bakinsu, sun ce bakin ba na Sarki ba ne. To ni dai abin da na sani, kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.”

“Allah kakansa ya ba wa fadamar, ba mu ba, Waziri!” in ji Filimon. “Mu masu jiran ta ne kawai. Kuma ka dubi wanda kake kira kuturu a gabansa.”

Wani bafade ya yi dariya ya toshe baki, wannan dariya kuwa ita ta ɓata komai. Fuskar Sarki ta canja. Ya daki hannun karaga ya ce:

“Sarkin Waƙa, na ji hujjojinka uku, ga tawa guda ɗaya. Gobe kowane namiji a Tagwala zai yi wa garin nan aiki da abin da ya iya. In mutanenka sun yi da murya, na yi alkawari ba mai taɓa su, su zauna a coci har a gama. In sun ƙi, Sarkin Dogarai zai ba kowannensu garkuwa, su ne sahun farko a Ƙofar Gabas. Ko waƙa ko garkuwa. Kafin rana ta faɗi ina son amsa.”

Filimon ya fito yana haɗa hanya. Ya nufi ɗakin Babban Firist Selestino, wanda shi kaɗai ne zai iya tsawata wa Sarki, ya tarar da tsohon kwance cikin zazzaɓi, ko mai ba shi ruwa ba ya ganewa. Ƙaramin firist da ke riƙe da cocin kuwa da ya ji zancen sai ya hau murza hannu yana cewa ai Sarki uban ƙasa ne. Filimon ya yi tsaki ya bar shi.

A zauren koyon waƙa ya sami mutanensa, labari ya riga shi isa. Kefas, babban almajirinsa, ƙato mai muryar da ke sa ƙasa ta yi rawa, ya tashi ya ce:

“Baba, mun yi shawara. A ba mu garkuwar. Kai ka koya mana cewa waƙa tana da ranarta. Ba za mu sa ka ji kunya da furfurarka ba.”

“Rufe mini baki,” in ji Filimon. “Miƙo hannunka in gani.”

Kefas ya miƙa. Hannu ne sumul, ko kanta ɗaya babu, bai taɓa riƙe fartanya ba balle mashi. Filimon ya bi sauran da kallo ɗaya bayan ɗaya. Wannan shi ya cire masa haƙorin farko, wancan shi ya je nema masa aure. In aka jera su a ƙofa, kafin a dafa tuwo an gama da su, kuma duk abin da aka tara shekara sittin ya bi su rami, don shi ba shi da sauran shekara goma sha biyu da zai sake renon wasu. Gaba kura, baya sayaki. Ya zauna a kan buzu, sannan ya ce:

“Za mu rera. Zunubin a wuyana yake, ba naku ba. Wanda ya sake yi mini zancen garkuwa sai na fasa masa baki.”

Da yamma ya koma gidan Sarki, Waziri ya tare shi a soro. Filimon ya ce sun yarda, amma da sharaɗi: ba sunan Sarki a cikin waƙar, kuma a bar ƙararrawa a ɗaure.

“Haba Sarkin Waƙa,” in ji Waziri da murya mai laushi, “ai mu ba maƙiyan ibada ba ne. Sunan Sarki, in ya yi maka nauyi, a bar shi, ni zan lallashe shi. Amma ƙararrawa kam dole ce. Ita ce talaka zai ji.”

Filimon ya yi ta ja, Waziri bai motsa daga kan ƙararrawa ba. A ƙarshe tsohon ya haƙura, ya tafi gida har yana ɗan jin daɗi a ransa, wai ya ƙwato rabin abinsa daga bakin kura. Kaito! Mutum mai shekara saba'in, bai tsaya ya tambayi kansa ba me ya sa mai neman faranta wa Sarki zai saki sunan Sarki da sauƙi haka, ya riƙe igiya. Fushinsa duk ya tafi wajen kare martabar waƙa, bai bar ko kaɗan na tunani ba.

Juma'a da hantsi coci ya cika har waje. Sarki ya zo cikin sulke, ya tsaya gaban bagadin da ba ko ƙyalle a kansa. Mawaƙa suka jeru yadda suka saba, ashirin a dama ƙarƙashin Kefas, ashirin a hagu, domin Waƙar Godiya karɓa-karɓa ake yin ta: hagu su ja baiti, dama su amsa da na gaba, har baiti ashirin da takwas. Mai kula da hasumiya ya ce hannunsa ba zai kwance igiyar ba ko za a yanka shi, sai wani dogari ya hau ya datse ƙullin da wuƙa.

Filimon ya ɗaga hannu. Hagu suka ja, dama suka amsa, ƙararrawa ta faɗo a kansu. Wallahi waƙar ta yi daɗi, wannan ne ma ya fi ƙona masa rai. Samari suka fara ɗaga kai, suna taɓa takubbansu. Tsofaffin mata kuwa suka toshe kunne, wata ta fita tana kuka tana cewa ba da ita ba.

Suna cikin baiti na goma sha shida hayaniya ta tashi a bakin ƙofa. Filimon ya waiga, ta ƙofar da ke buɗe ya hango baƙin hayaƙi yana tashi daga wajen kogi, ba wuri ɗaya ba, duk tsawon mashigi. Nan take maganar malaminsa ta faɗo masa, maganar da ya ji yana ɗan shekara goma sha ɗaya, ranar da aka fara hawa da shi hasumiya. Malamin ya ce igiyar nan ba don ibada kaɗai ake ɗaure ta ba. Sarki Kilamanti ya rantsar da gidan Sarkin Ruwa a kan giciye cewa duk ranar da suka ji ƙararrawa cikin kwanakin shiru, to birni ya faɗi hannun maƙiya, su ƙone kowane jirgi nan take, kada abokan gaba su ƙetara su auka wa ƙauyuka. Shekara sittin ba a taɓa bukatar wannan ba, har birni ya manta. Gidan Sarkin Ruwa ba su manta ba, uba yana gaya wa ɗa. Mai ajiye alkawuran sarauta ma bai manta ba, shi ne kuwa Waziri.

Hannun Filimon ya faɗi, waƙa ta tsinke a tsakiya. Ya yi ihu a tsayar da ƙararrawa, amma ihu ne bayan hari. Wani masunci ya kutso cikin jama'a jiƙe sharkaf, ya zube gaban Sarki.

“Ranka ya daɗe, ashe kana raye! Mun ji ƙararrawa, Sarkin Ruwa ya cika rantsuwa. Jirage tamanin duk sun ci wuta. Madawaki yana tsaye a wancan gaɓa da mutanensa, kogi ya cika, ba hanya.”

Sarki ya juya yana neman Waziri. Aka ce ai tun da aka fara waƙa ya fita ta Ƙofar Yamma da dawakai goma, wai zai duba ganuwa.

Abin da Damiyanus ya yi daga nan, a faɗi gaskiya, ba na matsoraci ba ne. Ya zare takobi ya ce duk namijin da ya isa ɗaukar sanda ya fito. Sarkin Dogarai ya fara kora mutane waje, ya zo kan mawaƙa. Filimon ya sha gabansa, ya ɗaga murya har ta fashe:

“Ranka ya daɗe, alkawarinka! Ka ce in sun rera ba mai taɓa su. Sun rera! Na sayar maka da ranar Ubangijina don in fanshe su, yanzu kuma za ka karɓe su?”

Sarki bai iya haɗa ido da shi ba. Ya ce, “Baba, in ƙofa ta faɗi, a cocin za a yanka su. Ba ni da mutane.”

Gaskiya ya faɗa, gaskiyar kuwa ba ta rage wa Filimon komai ba. Sarkin Dogarai bai ɓata lokaci wajen zaɓe ba. Ya ga sun riga sun rabu gida biyu, sai ya nuna na hagu ya ce su tafi ganuwar kogi, ya nuna na dama, da yake sun fi jiki, ya ce Ƙofar Gabas. Kefas ya tsaya ya durƙusa gaban Filimon da farar rigarsa ta waƙa, tsohon ya dafa kansa.

Rana na karkata Gandirawa suka iso, suka rufe fili kamar fara. Filimon ya ƙi zama a coci, ya hau ganuwa wajen tsofaffi da mata masu miƙa duwatsu da tafasasshen ruwa. Daga nan ya hango laimar Sarkin Gandiri, a gefenta ga Waziri Sabastiyan bisa doki, da alkyabbar da ya sa jiya a majalisa. Ashe kujerar Tagwala aka yi masa alkawari. Filimon ya tofa yawu, iska ta maido masa a gemu.

Sau biyu Gandirawa suka kafa tsani, sau biyu 'yan baka suka zubar da su. A karo na uku suka turo amalanken ciyawa da man gyaɗa suka cinna wa ƙofa wuta. Da ƙyauren ya faɗi, babu abin da ya rage tsakaninsu da gari sai mutane. Sarki ya tsaya a tsakiya da dogaransa, a damansa mahauta da maƙera, a hagunsa fararen riguna ashirin. Filimon yana kallo daga sama. Ya ga yadda suka riƙe garkuwa kamar masu riƙe faifai. Ya ga sun matsa kafaɗa da kafaɗa, don abin da suka iya ke nan tun suna yara, tsayuwa a sahu ba mai motsi sai an ba da izini. Ba wanda ya ba su izini, ba su kuwa motsa ba. Kefas ya yar da mashinsa da bai san yadda ake yi da shi ba, ya rungumi guntun ƙyaure mai ci da wuta ya toshe gurbin da shi, a nan aka same shi. Har rana ta faɗi Gandirawa ba su wuce soron ƙofa ba, suka ja da baya suka sauka, suna cewa gobe da safe sa ƙarasa.

Goben ba ta zo musu yadda suka so ba. Madawaki Tadiyus ya bi ƙauyukan ƙetare ya tattara duk wani gora da masaki da gungumen icce, ya haura sama inda kogin ya fi faɗi ruwan ya fi sanyin gudu, ya ƙetaro da mutum dubu huɗu. Gari na wayewa ya faɗa wa sansanin Gandirawa ta baya. Kafin hantsi Sarkin Gandiri ya gudu ya bar laimarsa, aka kamo Waziri a cikin gonar rogo, aka shigo da shi birni ɗaure a bayan jaki.

Safiyar Asabar ke nan, lokacin da shiru ke ƙarewa. Aka ɗaura wa ƙararrawa sabuwar igiya, aka buga ta a kan ƙa'ida, gari ya ɗauki guɗa. Sarki ya shigo coci da hannu ɗaure a wuya, Madawaki na bayansa. Ya zo har inda Filimon yake, ya sunkuyar da kai, ya ce:

“Sarkin Waƙa, jiya na nemi abin da ba nawa ba. Yau Allah ya ba mu da hannunsa, kowa ya gani. Ina roƙo, ba umarni nake yi ba, a rera Waƙar Godiya. Fadamar kuma na ƙara muku da wadda ke kusa da ita.”

Fadawa suka ce, “Allah ya ƙara wa Sarki imani!” Su dai ba sa rasa abin cewa.

Filimon ya dube shi. Tun asuba yake soron Ƙofar Gabas yana juya gawawwaki. Cikin ashirin na dama, goma sha bakwai ya rufe wa ido da hannunsa, uku suna kwance ba a san ko za su tashi ba. Yanzu kuma ana ba shi fadama.

“Yau ranarta ce, ranka ya daɗe,” in ji shi. “Za a rera.”

Na hagu ashirin suka jeru a wurinsu, idanunsu jajur. Wani daga cikinsu ya raɗa masa ko su rabu goma-goma su cike ɗaya gefen, Filimon ya harare shi, ya koma sahu. Gefen dama ya zauna fili, sai tabarmi.

Ya ɗaga hannu, hagu suka ja baitin farko. Da suka kai ƙarshe ya juya ga gefen dama kamar kullum, ya ci gaba da kaɗa hannu, yana auna kowane numfashi na baiti na biyu har ya cika, ba mai amsawa. Ya san baitin kamar sunansa, da ya so da ya rera shi da kansa, amma ya datse bakinsa. Sannan ya juyo hagu suka ja na uku. A shiru na biyu aka fara jin shesshekar mata a bayan coci. A na uku Sarki ya kasa daurewa, ya ce da ƙarfi:

“Sarkin Waƙa, me ya faru? Don me ake tsayawa?”

Filimon bai sauke hannu ba sai da ya auna baitin har ƙarshe. Sannan ya waiwayo.

“Nan wurin na dama ne, ranka ya daɗe. Nasu ka riga ka karɓa jiya.”

Ya juya ya ba na hagu izini. Saura baiti goma sha ɗaya na dama, Sarki Damiyanus kuwa a tsaye ya saurari shirun kowannensu, har aka kai ƙarshe.